Tabon da aka gani a huhunka ba shi ke sa ka jiri ba

Ɗana, saƙonka ya iso. A fili zan amsa maka, ba tare da na kama suna ba, domin ba kai ne na farko ba. Duk shekara da lokacin neman bizar karatu ya kama sai wani daga Jos ya turo mini irin wannan, ni kuwa na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya bayan na kwana a tsaye a wurin aiki.

Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila, ka sauka Abuja gwajin tarin fuka da ake nema kafin biza, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce an ga ɗan tabo a saman huhun dama, sai an gwada kaki. Tun ranar barci ya ƙaurace maka, kana jiri, yatsunka na sagewa. Ka kuma karanta cewa masu tabo a huhu gudun jini yakan canza a ƙwaƙwalwarsu, sai ka yanke wa kanka hukunci: cutar kansa ce, har ta hau kai. Buƙatunka biyu: in nuna wa "likitocin Turawa" hoton, in kuma taimaka da kuɗin wani mutum da ya ce zai samo maka takardar shaida ba sai ka jira ba.

Da mutumin zan fara. Ko kwabo ba zan ba da ba. Asibitin da gwamnatin Birtaniya ta amince da shi kaɗai ake karɓar takardarsa, kuma sakamakonka na rubuce a wurinsu. Wanda aka kama da takardar bogi ba bizar kaɗai yake rasawa ba, ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10. Mutumin zai cinye kuɗin, kai za ka ci haramcin. Idan kuma tarin ne da gaske, ka ɗauko shi ka kawo ɗakin da za ku kwana ku huɗu da taga a rufe saboda sanyi. Na yi mamakin yadda wanda ya karanta kimiyya ya iya rubuta mini wannan.

Hoton kuwa, wanda ka je ka sake ɗauka a Jos, ka ɗaga fim ɗin a jikin taga ka ɗauka da waya, har tankin ruwan maƙwabta nake gani ta cikin haƙarƙarinka. Babu likitan da zai karanta wannan, Bature ko Bahaushe. Sannan ni ba likita ba ne, ko da yake a gida an ɗora mini "dokta" ƙarfi da yaji. Aikina ɗaukar hoto da na'urar CT da ta MRI. Kafin a yi mini rajista in taɓa na'ura a ƙasar nan, da digirina da shekarun aikina na asibiti a gida, sai da na yi wankan tsofaffi a gidan kula da su. Bayan na samu aikin ma, akwai dattijuwar da ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi abokiyar aikina ko babu wani. Yau ɗaliban da ake turowa sashenmu ni nake koya wa hannu. Saboda haka abin da zan faɗa maka abin da nake gani ne kullum a allo, ba labarin majalisar mai shayi ba.

Tabo a hoton ƙirji ba suna ne na cuta ba, inuwa ce. Hoton eksire yana tattara ƙashi da nama da jijiya ya shimfiɗa su a fili ɗaya, shi ya sa wani lokaci abin da aka gani inda haƙarƙari biyu suka haɗu ne, ko jijiyar jini da ta fuskanci na'ura, ko ma inuwar kan nono. Idan ƙululu ne na gaske, ana kiransa ƙarami matuƙar bai wuce santimita 3 ba, kuma mafi yawansu ba kansa ba ne. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar a 2011, aka duba mutum sama da 53,000, dukansu daɗaɗɗun mashaya taba masu shekara 55 zuwa 74. Cikin hotunan CT da aka ce suna da abin zargi, kusan kashi 96 cikin 100 sun tashi ba kansa ba. Waɗannan fa mutanen da suka kwashe shekaru suna busa hayaƙi ke nan. Kai ko talatin ba ka kai ba, kuma a sanina ba ka shan taba. Idan kana sha a ɓoye, wannan tsakaninka da likita ne, kar ka ɓoye masa. Ƙa'idar ƙungiyar Fleischner ta 2017, wadda masu karanta hoto ke bi a ƙasashe da dama, ta ce ƙululu guda da bai kai milimita 6 ba, wato bai kai ƙwayar wake ba, a jikin wanda ba ya cikin haɗari, ba sai an sake bibiyarsa ba. Daga 6 zuwa 8 a sake CT bayan wata 6 zuwa 12. Wanda ya wuce 8 ne ake matsa wa bincike. Ƙa'idar ma don 'yan shekara 35 zuwa sama aka rubuta ta, saboda a ƙasa da haka kansar huhu ba ta cika faruwa ba, an fi zargin ƙwayoyin cuta.

Ka tuna kuma inda ka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, Nijeriya kuma tana sahun gaba a Afirka. Da yawa jikinsu ya danne ƙwayar tun suna yara, ta bar tabo mai tauri a saman huhu, su rayu su tsufa ba su sani ba. Ga ƙurar kuza: wanda ya daɗe yana shiga rami ko fasa dutse a wajen Bukuru ko Barikin Ladi, ƙurar kan kwanta a huhu ta fito ƙananan ɗigo a hoto. Idan ka taɓa wannan aiki a hutun makaranta, ka faɗa. Masu gwajin biza ba kansa suke nema ba, suna son su tabbatar ba ka da tari mai yaɗuwa. Shi ya sa za a karɓi kakinka sau uku a safiya uku, a shuka shi, ƙwayar kuma mai jinkirin tsiro ce, sakamako kan kai mako 8. Ba mugunta ba ce, ba kuma cin hanci ake jira ba.

Yanzu maganar ƙwaƙwalwa, wadda ta fi ba ni haushi don ita ke hana ka barci a banza. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce na nauyin jiki, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Jijiyoyinta suna buɗewa suna tsukewa gwargwadon yawan iskar kabon da ke cikin jini, wato iskar da muke fitarwa. Mai fargaba numfashinsa kan yi sauri ba tare da ya lura ba, ya riƙa ajiyar zuciya a kai a kai, ya zubar da kabon fiye da kima. Da kabon ya yi ƙasa sai jijiyoyin su tsuke, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Nan jiri ke fitowa, ido ya yi dishi-dishi, yatsu da leɓɓa su sage. Mutum ya ji haka ya ƙara tsorata, numfashin ya ƙara sauri. Da numfashi ya daidaita, jijiyoyin sun koma yadda suke.

Ina ganin wannan a kan gadon na'ura. An taɓa kawo mini wani ƙaton mutum, direban babbar mota, za a sake duba ƙululun da aka gani masa wata shida baya. Ya zo da wasiƙar asibiti ta yi laushi a aljihu saboda yawan buɗewa da ninkewa. Na'ura ta ce ya ja numfashi ya riƙe, daƙiƙa kaɗan kawai, ya kasa. Hannunsa na rawa, yana ce mini ɗakin na juyawa. Na tsayar da komai, na sa ya ɗora hannu a ciki, ya shaƙa a hankali ta hanci, ya fitar a tsawon da ya fi na shaƙar. Cikin 'yan mintuna ɗakin ya tsaya, muka ɗauki hoton. Huhunsa bai canza ba a mintunan nan.

Abin da ka karanta game da canjin gudun jini kuwa, da MRI ake auna shi, ta wata dabara da ake kira ASL wadda aka fito da ita tun 1992: a yi wa ruwan da ke cikin jini alama da maganaɗiso a wuya, ba allura, a ga yawan wanda ya isa kowane sashe. Sashen da ya fi aiki shi ya fi jan jini, kuma sassan da ke da hannu a tsoro, irin su amigdala da insula, sukan fi motsi a wurin mai fargaba. Abin da ake aunawa damuwar ce, ba wai tabon ya tashi daga ƙirji ya tafi kai ba. Kuma irin wannan bincike rukuni yake kwatantawa da rukuni, ba gwaji ne da ake yi wa mutum ɗaya a ce masa ga ciwonka ba. Kar wani ya karɓe maka kuɗin hoton ƙwaƙwalwa a kan wannan. Abin da zai sa ka ruga asibiti a take shi ne gefe ɗaya na jiki ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko farfaɗiya. Ta ɓangaren ƙirji kuma: tarin da ya wuce mako biyu, jini a kaki, rama, zufar dare da zazzaɓi. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Kuma kar ka bi kemis neman ƙwayar barci. Wadda za a miƙo maka ba takarda tana da wuyar bari.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne inda ka ce "da na iso can ai an gama". Wa ya gaya maka? Za ka biya fam 776 na kowace shekara kuɗin lafiya tun kafin ka hau jirgi, ka zo ka yi rajista da likitan unguwa, ka yi ta bugun waya ƙarfe takwas na safe neman layi. Idan ya ga tabonka bai da alamar haɗari, wasiƙa za a rubuto maka: ka dawo bayan wata shida. Jiran da kake gudu a Jos shi za ka tarar a nan, sai dai a Jos kana jira da Yaya, mahaifiyarka, tana dama maka kunu, abokai na ja ka Taminus yawo, liman ya lura ba ka fito asuba ba ya aiko a duba ka. A nan cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, maƙwabcinka bai san sunanka ba, kuma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na ɗaukar darasi, ba na bincike ba, ba a barinsa ya zo da iyali. Wannan ne ya fi gigita ni da na zo, ba sanyi ba. Ɗan Jos ya san sanyi. Na kwanta zazzaɓi a shekarata ta farko, wayata ta yi ta ƙara, kowa daga gida, kowa da buƙatarsa, babu wanda ya ce muryarka ta canza. Wanda inuwa a hoto ta hana shi barci a gaban mahaifiyarsa, ya kamata ya tambayi kansa yadda zai yi a ɗaki shi kaɗai da kuɗin haya a wuyansa da aikin awa 20 a mako. Ban ce kar ka zo ba. Na ce ka fara koyon riƙe kanka a inda akwai masu riƙe ka, kuma idan fargabar ta ƙi sauka ka ga likitan da ya san harkar damuwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH. Ba hauka ba ne, kar kunya ta hana ka.

Ka koma Abuja ka ba da kakin a ranakun da aka ba ka. Ka rubuta wa jami'ar yau, ka ce gwajin lafiya ya riƙe ka, ka tambaya ko za su ɗage maka zuwa shigar Janairu; jami'o'i da dama suna yi. Idan sakamako ya fito ba komai, takardar wata 6 take aiki, sai ka lissafa lokacin neman bizar da kyau. Idan tarin ne, maganinsa wata 6 ne, kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, ana warkewa sarai, bayan nan a sake gwada ka ka nemi bizarka. Ka gaya wa Yaya gaskiya, ka daina ce mata ciwon kai ne. Kuɗin mota da na masauki a Abuja zan turo ta hannunta ƙarshen wata, ba ta hannunka ba, don na san wancan mutumin bai daina kiranka ba.