Tambaya da Amsa: Yadda ake sabunta tsohon baka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gāji bakan mahaifina, na itacen dargaza. Ya bushe, datti ya yi masa baƙi, banish ɗin da aka taɓa shafa masa yana ɓarewa. Yaya zan gyara shi ya koma aiki? Daga wani mai karatu a Birnin Gwari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifi. Malam, fara da kwance tsirkiya, sannan ka duba lafiyar itacen kafin ka yi maganar ƙyalli. Ɗauki auduga ka bi jikinsa daga kai zuwa kai. Duk inda ta maƙale, akwai sartse ko tsaga. Idan ka ga ƙananan huji suna zubar da gari, ƙwaro ya ci cikinsa. Irin wannan, da wanda ya tsage a gicciye, rataye shi za ka yi don tunawa, kada ka sake jansa.

Idan lafiyarsa ƙalau, jiƙa tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka goge banish ɗin kaɗan-kaɗan, a waje inda iska ke kaɗawa. Abin da ya rage sai samfefa mai lamba 220, daga baya 320, kana bin tsawon itacen, ban da gicciye.

A nan mafi yawan mutane ke kashe baka. Bayansa, wato gefen da ke kallon abin harbi, shi ne ke miƙewa idan an ja tsirkiya, kuma jijiyoyin itacen da suka tafi a jere daga sama har ƙasa su ke riƙe da shi. Ka yanke su da wuƙa ko samfefa mai kaushi, to daga nan zai ɓalle, sau da yawa a fuskar maharbi. Cikinsa ma ba wurin sassaƙa ba ne: abin da ka kankare, ko bai kai kaurin farce ba, yana rage ƙarfin baka, ya sa gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa. Tabon da ya shige itace, bar shi. A ganinmu baƙin hannun mahaifinka a mariƙa ba datti ba ne.

Batun mai kuwa, narka kakin zuma kashi 1 da man kaɗanya kashi 3 a wuta mai sanyi. Shafa da ɗuminsa, siriri, ka murza da tafin hannu har itacen ya yi ɗumi, ka goge saura. Yi haka sau 3, da kwana guda tsakani. Guji man gyaɗa, yana ɗoyi ya jawo ɓera, haka ma baƙin man inji. Fenti da banish mai kauri ba sa bin lanƙwasar baka, shi ya sa na baya ya ɓare.

Bakan da ya daɗe a ajiye ba a jansa gaba ɗaya rana ɗaya. Ɗaura sabuwar tsirkiya, ka ja kwata kamar sau 20, gobe rabi, kana sauraro. Ka ji ƙas, tsaya. Kada kuma ka saki tsirkiya babu kibiya.

Idan har da kwari ka gāda, yi hattara da tsinin kibau. Dafin kwankwani, tsiron da ake haɗa dafin kibau da shi, yana daɗewa bai mutu ba. Kada su taɓa hannu mai ciwo, kuma nesanta su da yara.

Tambaya: A ina ya kamata a ajiye baka da hunturu? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, a ɗaki mai inuwa, kwance bisa turaku biyu a bango, tsirkiya a sake. Kada a jingina shi a lungu, zai karkace, gara kuma ta same shi; kada a sa shi dab da rufin kwano. Iskar hunturu tana busar da itace har ya yi gautsi, don haka a ƙara masa mai a farkonta, a sake kafin damina.