Dalilin damƙar ƙasa kafin a sayi gona

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa manya ba sa sallama kuɗin gona sai sun tsuguna sun damƙi ƙasarta, ko camfi ne. Babu camfi a ciki, awo ne.

Ƙasar noma haɗi ce ta yashi, da laka, da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, sai iska da ruwa a tsakaninsu. Wanda ya rinjaya shi ke faɗa maka abin da gonar za ta bayar.

Kada ka ɗebi ta sama, wannan wataƙila iska ce ta kawo ta. Ka haƙa kamar taƙi ɗaya, ka ɗebo cikin hannu, ka yayyafa ruwa, ka dunƙule. In ta wargaje da ka buɗe hannu, jigawa ce: ta gero, gyaɗa da wake. Tana da sauƙin huɗa, amma ruwa na zurarewa ya tafi da taki, shi ya sa ake ba ta takin zamani kashi biyu, ba a zuba shi gaba ɗaya. In ka murza ta ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba, laka ce, ta shinkafa da rake. Tana riƙe ruwa har ya kwanta, gyaɗa kuwa ruɓewa take a ciki, da rani kuma ta dare. Wadda ta dunƙule, ka murza ta karye, ita ce ta dawa da masara, ita nake so maka.

Sannan ka ƙara zurfi ya kai kamu guda. Wata gonar samanta laushi, ƙarƙashinta marmara, saiwa ba ta ratsawa, kwana goma babu ruwa shuka ta yanƙwane.

Ka kuma ɗaga kai ka duba. Gawo a gona alheri ne, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, dabbobi kuma suna hutawa ƙarƙashinsa da rani su bar taki. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero da dawa, in ya yi yawa alamar ƙasa ta gaji ne. Fako, inda ƙasa ta yi ɓawo ruwa na bi ta kai, sai an fasa shi da ramuka an cusa takin gida kafin ya farfaɗo. A fadama, in ka ga fari-fari kamar kanwa a bakin fangali, gishiri ya taso, tumatir da albasa za su sha wuya.

Kada ka biya sai ka koma washegarin ruwa mai ƙarfi ka ga inda ya kwanta da inda ya yi zaizaya.