Tsimin ciyawar teku a man shafawa: a saya ko a tsima a gida?

Tambaya: Ina haɗa man shafawa ina sayarwa, kuma na ga ana yayin tsimin ciyawar teku. In sayo busasshiyar ciyawar in tsima da kaina don in rage kashe kuɗi?

Hajiya, kada ki tsima da kanki. A masana'anta da zaɓaɓɓun ƙwayoyin Lactobacillus, irin masu tsima nono, ake tsima ta, a tace, a gwada. Naki na roba ba ki san abin da ya hayayyafa a ciki ba, ga shi ciyawar teku tana zuƙar asanik da kadmiyam, ƙarafa masu guba, daga ruwan da ta tsiro. Ki sayi tsimin wajen dila mai ba da takardar gwajin wannan kason da zai ba ki, wadda ta nuna adadin ƙarafa masu guba da na ƙwayoyin cuta. A jikin galan za ki ga suna irin Lactobacillus/Kelp Ferment Filtrate. In ya ce takarda sai daga baya, ki riƙe kuɗinki.

Tsadar kilo kada ta razana ki. In kina zuba kashi 5 cikin 100, kwalba mai giram 100 giram 5 kawai take ci, wato kilo ɗaya ya ishi kwalba 200. Raba kuɗin kilon gida 200 kafin ki ce ya yi tsada.

Wajen haɗi ne asara take ɓuya. Ki zuba tsimin bayan kwaɓin ya huce ƙasa da digiri 40 na ma'aunin Celsius, ki daidaita pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 4.5 da 5.5. Tsimin nan ruwa ne, kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta, don haka maganin hana lalacewa dole ne. Fenoksiyetanol, misali, ba ya wuce kashi 1 cikin 100. Gishirin da ke cikin tsimin kan tsinka kaurin kaboma, sinadarin da ke sa man kauri: jiya man yana tsaye a cokali, yau yana zuba kamar ruwa. Ƙarni ma yakan taso bayan makonni. Ki fara da kilo ɗaya na haɗi, ki ajiye wasu kwalabe a digiri 40 na wata 3, kina duba launi, wari da rabewar mai da ruwa.

Sai talla. La Mer, wani shahararren kamfanin man shafawa, ya yi suna da tsimin ciyawar teku, amma sunan kamfanin ake biya, ba zai biyo ki ba. Abin da za ki iya tsayawa a kai shi ne yana riƙe danshi, fata ta yi laushi. Kika rubuta yana haska fata ko goge tamoji, mai saye za ta jira abin da ba zai zo ba, kuma ba za ta dawo sayen kwalba ta biyu ba.