Ko finafinan tarihin mawaƙa suna nuna halinsu na gaskiya?

Malam, ka tambaya ko finafinan tarihin manyan mawaƙan Amurka suna nuna ainihin halinsu, ko kuwa duk kwalliyar masu talla ce. Na daɗe ina aikin haɗa sauti a situdiyo, kuma abin da na lura shi ne halin mawaƙi bai cika fitowa a hira ba, sai an haɗa shi da takwarorinsa a ɗaki guda, ga aiki ga ƙurewar lokaci.

Shi ya sa nake ba ka shawarar ka nemi The Greatest Night in Pop, wanda Netflix ta fitar a 2024. Fim ɗin ya nuna daren 28 ga Janairun 1985, lokacin da mawaƙa sama da 40 suka kwana a wani situdiyo a Los Angeles suna ɗaukar waƙar We Are the World domin agaza wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha. Quincy Jones, wanda ya jagoranci ɗaukar waƙar, ya liƙa takarda a ƙofa cewa kowa ya ajiye girman kansa a waje, amma hali zanen dutse ne. Michael Jackson ya riga kowa isa, ya tsaya shi kaɗai gaban makirufo yana ta maimaita amshi, domin a wurinsa waƙa sai ta fita tsaf. Prince kuwa ya ƙi shiga taro. Ya nemi ya kaɗa jita a wani ɗaki daban, aka ƙi, baitinsa ya koma hannun Huey Lewis.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na Bob Dylan. Mutumin da ya saba rera abin da ya rubuta da kansa, yadda ransa ya so, sai ga shi a tsakiyar jama'a ya daskare, murya ta ƙi fita. Sai da aka rage mutanen ɗakin, Stevie Wonder ya zauna gaban fiyano ya kwaikwayi muryar Dylan ɗin, ya rera masa baitin, sannan Dylan ya samu kansa. Na sha ganin irin wannan ga gwanayen da aka raba da hanyar aikinsu.

Sai dai ka kalla da lura. Mawaƙi Lionel Richie, wanda ya fi kowa ba da labari a ciki, yana cikin masu shirya fim ɗin, Jackson da Prince kuma sun rasu a 2009 da 2016, don haka dalilin da ya hana Prince zuwa daga bakin wasu kawai muka ji shi.