Shin Amurkawa Suna da Nasu Kiɗan Okestira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli bidiyon bikin Tanglewood na ƙasar Amurka, inda makaɗa kusan ɗari suke kiɗa tare, mutum ɗaya yana jagorantarsu da ɗan sanda. Shin Amurkawa ne suke tsara irin wannan kiɗa, ko kuwa na Turai kawai suke maimaitawa? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Suna da nasu, sai dai ya daɗe kafin ya samu karɓuwa ko a gida. Tanglewood wani yalwataccen fili ne a garin Lenox na jihar Massachusetts, kuma tun 1937 ƙungiyar makaɗan okestira ta Boston take tarewa can a watannin Yuli da Agusta, jama'a suna saurare, wasu a cikin rumfa, wasu a zaune kan ciyawa.

Abin mamaki, wanda ya tsaya wa kiɗan Amurkawa a wurin baƙo ne. Serge Koussevitzky, haifaffen Rasha da ya jagoranci ƙungiyar daga 1924 zuwa 1949, ya riƙa sa makaɗansa su buga ayyukan 'yan ƙasa a lokacin da masu sauraro suka fi ganin girman na Jamus da Faransa. A 1940 ya buɗe makaranta a filin, ya damƙa wa Aaron Copland, wani Ba'amurke mai tsara kiɗa, sashen koyar da tsara kiɗa. Copland kan ɗauko karin waƙoƙin gargajiya, har da na makiyayan shanun yammacin ƙasar, ya shimfiɗa su ga goge da sarewa da ƙahonin tagulla ta yadda da jin su za a san daga inda suka fito. Cikin ɗaliban farko akwai Leonard Bernstein, wanda ya shigar da salon jaz na baƙaƙen fata cikin ayyukansa, kuma a Tanglewood ne ya jagoranci makaɗa a karo na ƙarshe a Agustan 1990, wata biyu kafin mutuwarsa.

Duk da haka, a ganina har yanzu Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, da takwarorinsa na Turai ne suke cin kaso mafi tsoka a jadawalin bikin. Idan na Amurkawa kike nema, ki duba kwanakin da ake warewa domin sababbin ayyuka, da kuma daren kiɗan fina-finai, wanda John Williams, Ba'amurke mai tsara kiɗan fina-finai, ya daɗe yana jagoranta.