Ango da amarya, kwana 3 a Jidda: a Tahliya za a sauka ko a bakin ruwa?

Wa alaikumussalam ƙanena ango, Allah ya sanya alheri ya kawo ƙazantar ɗaki. Naga tambayarka tun jiya, kace idan kun gama umara kai da amarya kuna so kuyi kwana 3 a Jidda kafin ku koma Kano, an ce maka Tahliya ita ce unguwar da ake yayi wajen fita da daddare, shine kake tambayar wane otal zaka kama a can kuma me ake yi a wajen. Da farko naso inyi shiru tunda masu amsa sunyi yawa, amma da naga wani ɗan'uwa yace maka kawai ka kama ɗaki a kan titin Tahliyar, wannan ce tasa na kasa haƙuri.

Ni shekarata 12 a garin nan, bakwai daga ciki direban gida nayi, sawwag kamar yadda suke cewa, kuma matar gidan da nake yiwa tuƙi kafin a bar mata su fara tuƙi a 2018 kusan kullum sai na kaita Tahliya na zauna a mota ina jiranta awa uku awa huɗu, saboda haka titin nan ba labari aka bani ba, na san lungunsa na san inda ake samun fakin da inda ba a samu.

Abu na farko da ya kamata ka sani, Tahliya titi ne dogo, daga cikin gari ya miƙe yamma ya nufi bakin teku. Sunansa na hukuma Titin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, Tahliyar kuma ya samo ta ne daga matatar da ake tace ruwan teku ya koma ruwan sha da ke can ta bakin ruwa. To a nan ka kula sosai, domin Riyad ma tana da nata titin Tahliya kuma sunan hukumar iri ɗaya ne. Na san wani bawan Allah da ya kama ɗaki ta waya yana murna ya samu araha, sai da ya sauka yana nuna wa mai tasi sannan aka gane otal ɗin a Riyad yake, kusan kilomita dubu tsakani, kuma irin kamun da ba a mayar da kuɗi ne. Ka tabbatar kaga an rubuta Jidda kafin ka danna biya.

Na biyu kuma, kada kalmar rayuwar dare ta ruɗe ka kayi zaton irin ta Legas ko Dubai ce. Nan babu mashaya babu kulob, giya haramun ce a doka. Abin da ake kira fitar dare a Jidda shine gidajen gahawa, gidajen abinci, manyan kantuna, silima da aka sake buɗewa a ƙasar a 2018, sai zaman bakin ruwa. Kuma garin baya tashi sai bayan Isha'i, ƙarfe 10 na dare nan kamar la'asar ce a Kano, zaka ga iyali da jarirai a keken turawa ƙarfe 1 na dare suna yawo ba abin da ya dame su. Daren Alhamis wayewar Juma'a shine ƙarshe wajen cika saboda hutun mako nan Juma'a da Asabar ne.

Yanzu maganar ɗaki. Ni shawarata kada ka kwana a kan titin kansa. Tun daga 9 na dare har wajen 2 motoci ne a jere kamar an ɗaure su, ga samarin Larabawa masu manyan motoci da babura suna taka mai don a ji ƙararsu, idan tagarku tana kallon titi wallahi amarya sai ta tsine wa wanda ya baka shawarar. Kuma kuɗin da zaka biya a kan titin suna kawai kake saya. Ka koma layi ɗaya ko biyu ta baya, cikin unguwar Andalus ko Rawda, ko ka gangaro kudu kaɗan zuwa Hamra wajen titin Falasɗinu. A mota minti kaɗan ne ka shiga Tahliya, amma idan ka dawo ka rufe ƙofa zaka ji shiru. Ni Hamra nafi kai baƙina, saboda tana tsakiya, bakin ruwa na kusa, Balad wato tsohon gari ba nisa, Tahliya ba nisa.

In aljihun da nauyi, akwai Assila a kan Tahliyar, akwai Ritz-Carlton da InterContinental da Park Hyatt a ɓangaren Hamra, can arewa a Kornish, wato titin bakin ruwa, kuma akwai Hilton da Rosewood da Shangri-La. Waɗannan dai ni ƙofarsu na sani, na sauke mutane na ɗauko mutane, ban taɓa kwana a ciki ba kuma bazan maka ƙarya ba. Abin da irin mu muke kamawa shine shigga mafrusha, wato ɗaki da falo da ɗan kicin da firji a cikin bene, ana bayarwa kwana-kwana kamar otal. Ga mai mata wannan yafi, don amarya zata iya dafa shayi ta ɗumama abinci, ta wanke ɗan abin da zata wanke, ba kullum sai an fita ba. Zaka same su a Booking ko Almosafer, akwai kuma manhajar ƴan ƙasa mai suna Gathern.

Amma fa shiggar nan suna suka tara. Shekaru uku baya ɗan yayata yazo da matarsa na kama musu wata ta waya saboda hotunan sunyi kyau, muka je wajen 11 na dare, ɗakin warin taba da shisha kamar a nan ake haɗa ta, esi yana ƙara kamar injin markaɗe yana ɗigar da ruwa a kan kafet, mai karɓar baƙi kuma yace sai dai mu jira gobe. Haka muka kwashi akwatuna muka shiga neman wani waje cikin dare, ni naji kunya sosai ranar. Tun daga nan bana kallon hoto, ra'ayin waɗanda suka kwana nake karantawa, kuma na baya-bayan nan, na wata biyu uku da suka wuce, ba na shekara biyu ba. Ka nemi inda suka yi maganar esi da banɗaki da hayaniya. Esi a Jidda ba ado bane, garin nan gumi ne da shi, ruɗuba suke cewa, ko da daddare ka fito sai kaji riga ta manne maka, sai daga Disamba zuwa Fabrairu ne ake samun sauƙi. Ka ce musu ɗakin da ba a shan taba, bene na sama, taga ba ta titi ba. Ka kuma duba ko farashin da aka nuna maka ya haɗa da haraji, akwai kashi 15 na VAT tun 2020 sannan ga ɗan kuɗin baladiyya wato na hukumar gari, wasu sai a ƙarshe suke ɗorawa kaga lissafi ya canza. Wasu wuraren suna karɓar ajiya su mayar maka ranar fita, ka karɓi takarda. Fasfo ɗinku ku biyu za a nema a wajen rajista, a duba a baka abinka, kada ka barshi a hannun kowa.

Wani abu da mutanenmu suke mantawa, shiga ɗaki yawanci sai bayan azahar wajen 2 ko 3, fita kuma 12 na rana. Idan kuka baro Makka bayan asuba zaku zo ku zauna a kujerun ƙasa ne kuna gyangyaɗi. Ku bari sai bayan azahar. Tsakanin Makka da Jidda kamar kilomita 80 ne, ko ku hau jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 ku sauka a tashar Sulaimaniyya, kada ku wuce zuwa ta filin jirgi, ko kuma in kayan sunyi yawa ga zamzam ga tsaraba ku ɗauki mota kai tsaye don jirgin ƙasan yana da ƙa'ida a kan kaya. A cikin gari kuma ka saka Uber ko Careem ko Jeeny a wayarka, Jidda ba garin tafiyar ƙasa bane, abin da kaga kamar nan da can a taswira sai kayi ta tafiya kana tsallake tituna masu layi huɗu-huɗu.

To me za kuyi a kwana ukun. Ni in nine, Tahliya dare ɗaya ya isheta. Ku shiga kantuna amarya ta ba idonta abinci, kaya ne na masu kuɗi, turare da agogo da jakunkuna wanda kuɗin ɗaya zai biya muku tikitin komawa, ku samu gidan gahawa ku zauna ku kalli mutane. Kofin gahawa a can zai iya cin riyal ashirin da wani abu, kai dai kada ka fara juya shi zuwa naira a gaban amarya, hawan jini zaka samu. Idan bata son hayaƙi ka tambaya kafin ku zauna don wasu wuraren ɓangaren waje duk masu shisha ne.

Daren da nake so ka ba muhimmanci shine na Balad, tsohon garin Jidda. Nan ne zaka gane garin yana da tarihi, tun zamanin Sayyidina Usman aka mayar da shi tashar ruwan Makka, kakanninmu da suka keto Chadi da Sudan a ƙasa suka hau jirgin ruwa nan suke sauka. UNESCO ta saka wajen cikin kayan tarihin duniya a 2014 kuma an gyara shi sosai yanzu, an sa fitilu. Gidaje ne dogaye na dutsen teku masu tagogin katako da aka sassaƙa, rawashin ake ce musu, in fitila ta haska su da daddare hoto kawai. Ku ga Baitu Nasif gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925, ku yi sallah a masallacin Shafi'i, ku ratsa kasuwar Alawi. Tsarabar ma a nan zaku saya ba a Tahliya ba, abaya, turaren wuta, dabino, kayan ƙamshi, kuma a nan ana ciniki, in yace ɗari kada ka ji kunyar tayawa ƙasa sosai. Ta wajen Bab Makka zaka ji Hausa tana tashi ta ko'ina, duk da dai tun rusau ɗin da aka yi a 2022 a unguwanni irin su Karantina da Sabil mutanenmu da yawa sun watse, abin ba kamar da ba, wannan labari ne na wata rana. A Balad ku ci mutabbag da balila, ku sha sobiya. In kuma kaga an rubuta siriya ko sire ka tsaya ka saya, tsiren mu ne da ƙuli da yaji, mutanenmu suka kawo shi Hijaz har Larabawa suka mayar da shi nasu.

Dare na uku bakin ruwa. Ku fara da la'asar sakaliya can arewa a masallacin Rahma wanda aka gina a kan ruwa, in ruwa ya cika sai kaga kamar yana shawagi, ku yi magariba a nan. Daga nan ku gangaro ta sabon Kornish, ta nan ne aka fara tseren motocin Formula 1 a Disamba 2021, akwai Fakieh Aquarium in amarya tana son ganin kifaye. Sai ku ƙare a Kornish ɗin Hamra gaban Nafurar Sarki Fahad, ruwa ne ake harbawa sama daga cikin teku har mita 300 da ɗoriya, tun 1985 take aiki kuma babu wadda ta kaita tsawo a duniya. Kyauta ne kallo. Wani lokaci suna kashe ta don gyara ko iska, to ka tambayi mai tasi ko tana aiki kafin ku tafi. Yadda ƴan gari suke yi shine ka sayi Albaik, soyayyar kazar nan, wanda asalinsa ma ɗan Jidda ne tun 1974, ka riƙo darduma da fulas ɗin shayi ku shimfiɗa ku zauna. Nasan zaka ce ai kun ci Albaik a Makka, ci a bakin ruwa daban ne.

Ƴan abubuwan kiyayewa. Kada ka ɗauki hoton mutane musamman mata ba izini, akwai tara a kai kuma suna ɗaukar abin da zafi, in kana ɗaukar amarya ka duba waye a bayanta. Kantuna da yawa har yanzu suna jan ƙofa lokacin sallah duk da ba dole bane kamar da. Ranar Juma'a da safe garin a kulle yake sai bayan an sauko, kada ka shirya komai a lokacin, kuyi barcinku. Kuma kada ka yarda wani ya tare ka da Hausa a Balad yace zai canza maka kuɗi a farashi mai kyau a lungu, ga shagunan canji nan a buɗe, riyal 3.75 ne dala ɗaya kuma baya motsi.

Ranar tafiya ka duba tikitinka da kyau wace tasha jirginku zai tashi, filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da sabuwar tasha ta ɗaya, da ta arewa, da ta alhazai, kuma ba a haɗe suke ba, in mai tasi ya sauke ku a wadda ba ita ba sai kun sake ɗaukar wata motar. Daga Hamra ka ware awa guda don hanya kawai in da daddare ne. Ka faɗo mana ranakun da zaku shigo da abin da ka ware wa ɗaki a kwana, in ya faɗa ranar hutuna zan leƙa maka wuri biyu uku a Hamra in kunna esin da hannuna kafin ka biya.