Na sa tayoyin hunturu biyu a gaba, me ya sa bayan motata ke kwashewa a kan dusar ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Winnipeg, ƙasar Kanada, kuma wannan ne hunturuna na farko da mota. Ƙaramar mota ce ƙirar 2014, ƙafafun gaba ne ke janta. Da na ga tana murza taya a wuri ɗaya idan zan tashi daga danja, sai na sayi tayoyin hunturu biyu na sa a gaba, na bar tsofaffin a baya. Tashi ya gyaru, amma yanzu da na ɗaga ƙafa daga totur a kwana sai bayanta ya nemi juyowa. Wani lokacin kuma sitiyari na rawa a babban titi. Wani abokina ya ce in loda buhunan yashi a but. Shin motar ce ke da matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce motar ce. Tayoyi biyun nan da ka sa su ne suka jawo, kuma gara ma yadda take a da, domin motar da ta ƙi tashi ba ta kai wadda ke juyawa a tsakiyar titi haɗari ba.

Ga yadda abin yake. A irin motarka, inji da giya duk suna zaune a kan ƙafafun gaba, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar. Ƙafafun baya ba sa ja, ba sa juyawa da sitiyari, shi ya sa mutane ke raina su. Amma su ne ke riƙe motar a kan layi. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, nauyi ya ƙara karkata gaba, baya ya yi sakayau. To yanzu gaba na da roba mai laushi da ke kama ƙanƙara, baya kuwa na da tayar kowane yanayi, wadda robarta ke fara sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selsiyos. A sanyin Winnipeg na watan Janairu ta zama kamar itace. Gaba ya kama ya shiga kwana, baya ya ci gaba da tafiya inda ya nufa tun farko, sai ka ga mota ta juyo tana kallon inda ta fito. Na'urar ESC mai hana mota kwashewa, wadda Kanada ta wajabta a sababbin motoci tun Satumban 2011, tana ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar taka birkin ƙafa ɗaya, amma idan taya ba ta kama ƙasa ba, babu abin da za ta yi aiki da shi.

Magani shi ne tayoyin hunturu huɗu, iri ɗaya, girma ɗaya. Ka duba gefensu ka ga tambarin dutse mai ƙololuwa uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Haruffan M+S kaɗai ba su isa shaida ba. Idan biyun da za ka ƙaro sun fi na yanzu zurfin zane, su ne za su tafi baya. Lardin Manitoba, inda Winnipeg take, bai tilasta tayar hunturu ba, amma a lardin Kebek doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Batun yashi kuwa, abokinka ya ɗauko dabarar akori-kura da motocin da ƙafafun baya ke ja. A taka motar, nauyin da aka jibga can ƙarshen but yana rage wa gaba nauyi, wato ƙafafun da ke ja da juyawa, kuma ranar da baya ya kwashe zai fi wuyar dawowa. Ƙaramin buhu ɗaya ya isa, shi ma don barbaɗawa ƙarƙashin taya idan ka maƙale.

Rawar sitiyari mai zuwa ta tafi, yawanci dusar ƙanƙara ce ta daskare a cikin wili ta ɓata balans. Leƙa ta tsakanin ramukan wilin, ka kankare ta, ko ka kwanar da motar a gareji mai ɗumi. Idan ta narke kuma rawar na nan, sai a je a yi balans.

To idan ka sa huɗu kuma har yanzu motar ba ta zauna ba fa? Nan ne ake bincike, kuma daga mai arha ake farawa.

Iska tukuna. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 na cinye kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya. Tayar da aka hura a shago mai ɗumin digiri 20, idan ta kwana a waje a digiri 25 ƙasa da sifili, za ta rasa wajen psi 8. Auna da safe kafin mota ta motsa, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda ke rubuce a jikin taya ba, domin wannan ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka. Kada ka sauke iska da sunan neman kamu.

Sai zane. Doka ta yarda da zurfin milimita 1.6, amma a dusar ƙanƙara tayar da ta sauka zuwa milimita 4 ta gama aikinta. Wanda ya sayi na hannu ya duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba na bushewa da shekaru ko da zanen bai cinye ba. Yawancin tayoyin hunturu kuma suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya, kuma ana samun masu ɗaurawa su juya su baibai, sai tayar ta kasa fitar da jagwalgwalon ƙanƙara da ruwa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne alaimen na ƙafafun baya. A busasshiyar kwalta, ƙafar da ta ɗan karkace ba za ka ji ta ba, taya ce kawai ke ci. A santsi kuwa, ƙafafun biyu na ja-in-ja, duk wadda ta samu kamu ita ke tura bayan motar, sai ka ji mota na lilo a miƙaƙƙiyar hanya ba ka taɓa komai ba. Shafa tafin hannunka a kan zanen taya daga ciki zuwa waje, ka dawo. Idan ta wani ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma yana cizon hannu, alaimen ya goce. Ka ce a yi na ƙafa huɗu, a ba ka takardar awon. Ƙananan motoci da yawa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafunsu na baya, babu wurin saiti, don haka idan awon ya fita ƙa'ida, wataƙila ƙarfen ya lanƙwashe ne sanadin dukan gefen titi. Kafin alaimen, bakanike ya ɗaga motar ya girgiza kowace ƙafa, ya duba tayarod da boljoyin da bushin, ya ga ko shokazoba na yoyon mai. Yin saiti a kan kayan da suka saki asarar kuɗi ce.

Idan kuma sai ka taka birki take fizga gefe guda, zargi kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a kowace ƙafa. Gishirin da ake watsawa a titi na sa ta tsatsa ta riƙe. Bayan 'yar tafiya, kusantar da hannunka ga kowane wili ba tare da taɓawa ba: wanda ya fi sauran zafi, shi ne ke riƙe. Karkarwar feda a ƙarƙashin ƙafa lokacin birki a santsi aikin ABS ne, na'urar da ke hana taya ƙullewa, ka ci gaba da dannawa. Fitilar ABS da ta kama ta ƙi mutuwa ita ce matsala, galibi na'urar auna gudun ƙafa ce ko wayarta, kuma idan na'urar ta lalace ESC ma na tsayawa.

Murzar da ta kai ka sayen taya tun farko, wani ɓangarenta na ƙafarka ne. Giyar da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun biyu tana sakin wadda ba ta da kamu ta yi ta juyi, kuma juyin na goge dusar ya mayar da ita gilashi. Taka totur a hankali, ka tashi da giya ta biyu idan motar ta yarda. Idan ka nutse a dusa mai zurfi, kashe na'urar hana murza taya da maɓallinta, ka miƙe sitiyari, ka riƙa gaba da baya sannu-sannu, sa'annan ka mayar da ita da ka fito.

Bayan an sa tayoyin, nemi filin ajiye motoci da babu kowa kuma babu turaku, ka gwada da gudun kilomita 20 zuwa 25. Idan ka murɗa sitiyari mota ta ci gaba da miƙewa, gaba ne ya zame: sassauta totur, ka ɗan warware sitiyarin har tayoyin su sake kamawa, kada ka ƙara murɗawa. Idan baya ne ya fita, kalli inda kake son zuwa, ka juya sitiyari can, ka bar totur kaɗan a ƙafa, kada ka taɓa birki. Kafin ka samu sauran tayoyi biyun, rage gudu tun kan miƙaƙƙiya, ka shiga kwana ƙafarka na kan totur daidai wa daida, kuma ka haƙura da babban titi ranar da dusar ƙanƙara ta zuba.